Na fitar da bututun ƙura waje, sai ƙofar shago ta fara gardama

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni kafinta ne a Agege, shagona mita 6 ne da mita 5, tsayinsa mita 3. Na sayi injin zuƙe ƙurar katako mai ƙarfin doki 2, na cire buhunsa, na huda bango na fitar da bututun waje. Tun daga nan, in na kunna shi shago a rufe, sai da ƙarfi ƙofa take buɗuwa, zuƙar ta ragu, yarana kuma suna kukan ciwon kai da yamma. Injin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injinka lafiyarsa ƙalau, shagon ne ya rasa hanyar numfashi. Da can buhu yana tace iskar ya mayar maka da ita ciki. Yanzu duk abin da ya zuƙa waje yake kaiwa, kuma dole wata iskar ta shigo ta maye gurbin.

Mu yi lissafi. Shagonka kubik mita 90 ne. Injin irin naka kan ja wajen kubik mita 28 a minti ɗaya, wato cikin minti uku da 'yan kai ya kwashe iskar shagon kakaf. In bai samu taga ba, zai nema ta ƙarƙashin ƙofa, ta tsagar rufi, ta ramin waya. Shi ya sa ƙofa ke manne wa, garin katako kuma yake kwanciya a bututu maimakon ya wuce.

Ciwon kan yaran nan shi ya fi tayar min da hankali. A Legas kusan kowane shago da janaretansa a bakin ƙofa ko a lungun baya, in ba naka ba na maƙwabci. Shagon da ke zuƙa haka, hayaƙin janaretan zai jawo ciki, kuma a cikinsa akwai kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kisa. Tun yau ka matsar da janaretan aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa da taga, ka juya salansarsa ta kalli wani gefen. In da hali ka sayi 'yar na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iskar. Yaron da jiri ko amai ya biyo bayan ciwon kansa, a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti.

Maganin zuƙar kuwa mai araha ne. Ka buɗe mashigar iska a bangon da ke nesa da inda bututun ya fita, don kada ka zuƙo ƙurar da ka kora. Ramin da ya kai santimita 45 kowane gefe ya isa in a buɗe yake tangararan. Amma ka san sauron Legas da ɓarayi, dole a sa raga da ƙarfe, su kuma suna iya cinye rabin hanyar, don haka ka yi ta 65 da 65. Ka yi mata 'yar rumfa saboda ruwan damina, da hunturu kuma ka riƙa kakkaɓe ragar. Ka tsara ta yadda iskar za ta zo daga bayan mai aiki, ta wuce kan zarto, ta tafi da ƙurar gaba.

Gwaji: kunna injin, ka buɗe ƙofa kaɗan ka riƙe takarda a tsagar. In ta miƙe tana kaɗawa da ƙarfi zuwa ciki, mashigar ta yi ƙanƙanta.

Sai maƙwabta. Ƙurar katakon iroko na tayar da asma, kuma tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ƙurar katako cikin masu jawo kansar hanci. Kada ka fesa ta kan mai abincin da ke bayanka, ƙorafi ɗaya na iya kawo maka jami'an LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas. Ka sa ganga mai murfi kafin injin ta tare gari mai nauyi, bakin bututun kuma ka ɗaga shi ya wuce saman kwano.