Mai dasa bishiya bai cire rai da gobe ba

Malam, ka tambaya ko yawan damuwa da lalacewar muhalli ba alamar yanke ƙauna ba ce. Abin da nake gani a nan Zariya akasin haka ne.

Maƙwabcina a Tudun Wada dattijo ne, kullum cikin ƙorafin zafi yake, da yadda leda ke toshe kwalbati har ruwa ya shiga gidaje da damina. Amma shi ne ya dasa darbejiya uku a ƙofar gida, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, yana zuba musu ruwan alwalarsa safe da yamma. Da ya cire rai, ai ba zai sha wannan wahala ba a kan inuwar da wataƙila sai jikokinsa za su more.

Ba na raina matsalar. Tafkin Chadi ya janye ƙwarai tun shekarun 1960. To amma duba Maraɗi da Damagaram: daga shekarun 1980 manoma suka daina sare tohon kututture a gonakinsu, suna rage masa rassa ya girma, har itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta, musamman gawo. Shi kuwa gawo da damina yake kakkaɓe ganye, ba ya tare wa gero rana, ga taki kyauta. A Samaru ma, cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello na fitar da irin masara mai jure fari.

Wanda ke tayar min da hankali shi ne mai cewa "komai zai daidaita" yana juye shara a lambatu.