Kore da ja kaɗai ba za su fisshe ka ba

Ɗan'uwa, da na karanta cewa 'yan kasuwa ba sa gane ko kuɗi ya shiga a manhajarka, alhali ka sa kore ka sa ja, wallahi ciwona ka fama. Kada ka wahalar da kanka wajen sauya launi. Mai shago a Kantin Kwari hannu ɗaya na kan atamfa, ɗaya na ƙirga canji, ga rana ta dallare fuskar wayar. Yaushe zai ga korenka? Akwai ma waɗanda idonsu ba ya rarrabe ja da kore. Ƙa'idojin WCAG na 2008, wato na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, sun faɗa ƙarara, kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo.

Ni wanda ya ba ni aiki ne ya tilasta min cire sauti da jijjiga daga manhajar da na gina masa, wai ƙauyanci ne. Na yi magiya, ya ce ai shi ke biya. Rannan wata baiwar Allah ta tura kuɗi sau biyu, don ba abin da ya shaida mata na farkon ya tafi. Yaron shago ya rantse bai ga komai ba, mutane suka taru ana ce masa ɓarawo, yaro har da hawaye. Shi kuma ogan ya tsayar da ni gaban ma'aikatansa ya ce ban iya aiki ba. Har yau cikon kuɗina na hannunsa. Na bar shi da Allah. Kai ma dai, kome aka ce ka cire, a rubuto maka.

Ka sa ido da kunne da hannu su samu labari lokaci guda. In kuɗi ya shiga, jijjiga ɗaya gajera da ɗan sauti mai daɗi. In ya ƙi, biyu, da wani sauti daban wanda ko janareto na ruri za a bambance. Kuma ka gwada a Tecno da itel, su ne a hannun jama'a.

A Indiya tun 2019 Paytm, kamfanin biyan kuɗi ta waya, ta fito da ɗan akwati mai faɗin adadin kuɗin da ya shiga da murya. Dabara ce mai kyau, amma ka bar wa mutum damar kashewa. Wane Alhaji ne zai so waya ta yi shelar cinikinsa a tsakiyar kasuwa?

Af, ka kunna TalkBack, wato manhajar Android mai karanta wa makafi abin da ke fuskar waya, ka rufe ido ka gwada tura kuɗi da kanka. Duk maɓallin da ka ji ba shi da suna, ka sa masa kafin ka taɓa wani abu.