Tambaya da Amsa: Binciken da majalisa ke yi kan shafukan neman aiki yana amfanar ɗan ƙauye kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Jahun, jihar Jigawa. Ina da takardar NCE, amma har yanzu mahaifina nake tayawa aikin gona. Duk sanda aka ce gwamnati ta buɗe shafin neman aiki a intanet, sai na hau mashin na shiga gari na biya mai kafe ya cike mini, daga nan sai shiru. Ina kuma jin ana faɗa a rediyo cewa majalisa ta kafa kwamitin binciken ɗaukar aiki. Shin binciken nan yana amfanar irinmu? Sannan akwai wanda ya ce in kawo kuɗi, yana da gurbi a hannunsa. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa karatunka albarka, ya saka maka da alheri kan taimakon mahaifi.

Bari in fara da mai cewa yana da gurbi, domin shi ne abin gaggawa. Kada ka ba shi ko kwabo. Idan ƙarya yake yi, kuɗinka sun tafi. Idan kuma da gaske yana da hanya, to ka sayi abin da doka ta hana sayarwa, kuma ranar da aka zo tantance ma'aikata, takardar kama aikin da ya miƙa maka ita ce za a fara kama ka da ita. Mutane da dama sun sayar da gona ko shanun huɗa sun sayi takardar da sai daga baya aka gano sunansu bai taɓa shiga tsarin biyan albashi ba.

Shafukan da kake cikewa iri biyu ne, kuma mai kafe ba zai bambance maka su ba. Akwai wanda ake buɗewa don wani shiri ko wata ɗaukar aiki ta musamman, kamar N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ɗaukar matasa aikin wucin gadi, ko ɗaukar jami'an shige da fice. Wannan yana da adadin gurabe da ranar rufewa. Akwai kuma shafin haɗa mai neman aiki da mai neman ma'aikaci, irin NELEX na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Shi wannan aikinsa aikin dillali ne a kasuwar dabbobi ta Maigatari: ba shi da dabba ko ɗaya tasa, sai dai ya haɗa mai sayarwa da mai saye. Idan kamfanoni da makarantu da asibitoci ba su kawo gurabensu sun saka ba, ko mutum miliyan nawa suka yi rajista babu abin da zai fito. To kamfanin da ke neman ma'aikaci ta intanet galibi yana Legas ko Abuja ko cikin birnin Kano. Mai makarantar kuɗi a Jahun ko Kiyawa, in yana neman malamin lissafi, liman zai gaya wa ko wani malami, ba zai shiga shafin Abuja ba. Shirun da kake ji ke nan, ba wai ba ka iya cikewa ba.

A shafuka irin na farko kuwa matsalar yawa ce. Da aka buɗe rukuni na uku na N-Power a 2020, fiye da mutum miliyan 5 suka nema, alhali guraben da aka yi alkawari ba su wuce miliyan 1 ba. Ko da an yi adalci ɗari bisa ɗari, mutum huɗu cikin biyar za su tashi a tutar babu. Kuma tun kafin a kai ga batun adalci, ɗan ƙauye ya riga ya fara tseren daga baya: sabis ba ya kamawa, sunan da ke takardar makaranta ya saɓa da na NIN ko BVN da harafi guda, jarrabawar intanet tana da lokaci, ga data tana ƙarewa.

Majalisar Tarayya tana da ikon bincike na gaske. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba ta damar gayyatar minista ko shugaban hukuma, ta nemi takardu, ta bi diddigin kuɗin da ta amince a kashe. Abin dubawa shi ne me ake yi da wannan iko.

Ka ɗauki abin da ya faru ranar 15 ga Maris, 2014. An sa masu neman aikin hukumar shige da fice sun biya naira 1,000 kowannensu ta intanet, mutum dubu ɗaruruwa suka biya a kan gurabe da ba su kai 5,000 ba, aka tara su a filayen wasa rana guda. Aka yi turmutsutsu, mutane fiye da goma suka rasu a wurare irin su Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Majalisar dattawa ta zauna ta yi bincike, Shugaba Jonathan ya soke jarrabawar. Amma kuɗin fom ɗin a fili aka karɓe su makonni kafin ranar, kowa yana gani. Bincike bai zo ba sai da aka ɗauki gawa.

Na biyu ya fi kusa da mu. A 2020 gwamnatin Buhari ta fito da shirin ayyuka 774,000, wato mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, a ƙarƙashin hukumar samar da ayyukan yi ta NDE. Kason Jigawa mai ƙananan hukumomi 27 shi ne 27,000, na Kano mai 44 kuma 44,000. A ƙarshen watan Yuni na shekarar aka yi cacar baki a gaban kyamara tsakanin ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo, da kwamitin haɗin gwiwa na majalisa, har ya fice daga zaman. A kan me? A kan wa zai zaɓi mutanen da za a ɗauka. Shi ya zarge su da son karɓe gurabe, su kuma suka zarge shi da ƙwace aikin NDE. Ban ce babu mai gaskiya a cikinsu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, zafin da aka nuna kan rabon gurabe ba a nuna rabinsa ba lokacin da waɗanda aka ɗauka suka yi ta kukan jinkirin biyansu, kuma ba a nuna shi kan abin da zai samu mutum bayan wata ukun sun ƙare ba.

Wanda zan yaba shi ne zaman da kwamitin wucin gadi na majalisar wakilai ya yi a 2023 ƙarƙashin Yusuf Gagdi kan cinikin guraben aiki. A nan ne wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa, mai kula da adalcin rabon guraben aikin gwamnati tsakanin jihohi, ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki, wasu da suka biya ma suka zo suka ba da shaida. A nan kuma aka ji yadda hukumomi ke neman izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da sun tallata guraben ba. Wannan ya shafe ka kai tsaye: gurbin da ba a tallata ba, ba zai taɓa bayyana a shafin da kake biyan kuɗi a duba maka ba. Sai dai kwamiti rahoto yake rubutawa, hukunci kuwa aikin ICPC da EFCC da kotu ne. Haka a Janairun 2024, bayan zargin almundahana a ma'aikatar jinƙai, Shugaba Tinubu ya dakatar da minista Betta Edu, ya kuma dakatar da shirye-shiryen tallafi har da N-Power, alhali matasa da yawa suna bin bashin alawus ɗinsu na watanni.

Saboda haka amsata ita ce binciken yana tona asiri, amma ba kasafai yake tambayar abin da zai amfane ka ba. Jami'i ya zo gaban kwamiti ya ce mutum kaza sun yi rajista, a jinjina masa. Rajista ba aiki ba ce. Tambayar da nake son in ji ɗan majalisa ya yi ita ce: cikin waɗanda suka yi rajista, mutum nawa suka kama aiki, daga wace ƙaramar hukuma, kuma nawa ne har yanzu suke kan aikin bayan shekara guda? Nawa aka kashe wajen gina shafin da kula da shi? Shafin da ke karɓar NIN da adireshi yana da wasu daga cikin waɗannan alƙaluma a cikinsa, fitar da su ne ya rage. Da za a buga su gunduma-gunduma, da kowa ya ga ko Jahun tana samun nata ko kuwa cikin Dutse ake tsayawa.

Ka kuma yi hattara da alƙaluman rashin aikin yi da 'yan siyasa ke jifan juna da su. Hukumar ƙididdiga ta ce kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sannan ta ce kashi 4.1 a farkon 2023. Ma'aunin aka sauya: yanzu duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa guda a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Matashin da ke ɗan dako ko ƙwadago ranar kasuwa, a takarda ba ya cikin marasa aiki.

Kada ka daina cikewa, amma ka canja yadda kake yi. Ka tsaya kusa da mai kafe ka tabbatar adireshin shafin ya ƙare da gov.ng, kuma lambar wayarka da imel ɗinka aka saka, ba nasa ba. Kalmar sirri ta zauna a hannunka. Mutane da yawa an kira su tantancewa saƙon ya tafi wayar wani. Ka gyara saɓanin suna tsakanin takardunka tun yanzu, kafin a buɗe wani shafin. Ladan mai kafe daban, amma duk shafin da ya ce ka biya kuɗin fom ka bar shi. Kuma da yake malanta ka karanta, ka fi sa ido kan abin da jiha ke ɗauka, irin shirin J-Teach na ɗaukar malaman makaranta a Jigawa, ka riƙa leƙa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Sannan ku haɗu, ku masu NCE da difloma na mazaɓarku, ku rubuta takarda guda da sunayenku da shekarar da kowa ya gama da shafukan da ya cike, ku kai ofishin ɗan majalisarku na tarayya da na jiha. Kada ku roƙi gurbin mutum ɗaya, domin da shi ake rufe bakin sauran. Ku nemi su tambayi Ma'aikatar Ƙwadago adadin 'yan ƙaramar hukumarku da suka samu aiki ta shafinta, su kawo muku amsar a rubuce. Ku ma kuna iya rubuta wa ma'aikatar da kanku a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, in wa'adin ya wuce ba amsa ku kai shi gidan rediyo a Dutse.