Siminti bushewa yake yi ko kamawa? Da tambaya kan ginin jumla

Wani birkila daga Gombe ya aiko yana cewa: "Malam, mun yi gardama da yarona a wurin aiki. Ni na ce siminti ya kama, shi ya ce ai Hausar ita ce siminti ya bushe. Wa ya fi gaskiya? Kuma kafin zuwan Turawa muna da sunan siminti?"

Maigida, kai ne da gaskiya, kuma ba don girma na ba ka ita ba. Bushewa ita ce ruwa ya fita daga abu ya bar shi. Jan ƙasar da aka kwaɓa aka yi tubali bushewa take yi, shi ya sa in damina ta yi mata dukan tsiya sai ta koma laka. Siminti ba haka yake ba. Ana ƙona dutsen farar ƙasa da yumɓu a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1450, su dunƙule su zama ƙananan duwatsu, a niƙe su da ɗan jifsam kaɗan, wani farin ma'adini, don kada kwaɓi ya daskare tun yana kan shebur. Da zarar ruwa ya taɓa wannan gari, sai su biyun su shiga juna su haifi wani sabon abu, wasu siraran zaruruwa da ido ba ya gani, waɗanda ke sarƙe yashi da tsakuwa. Wani kaso na ruwan ya zama jikin kankaren ke nan har abada. Dalilin da ya sa siminti ke daskarewa ko a ƙarƙashin ruwa ke nan, kuma shi ya sa buhun da ya sha danshi a sito yake zama dutse ba tare da ya ga rana ba. Kai da kanka ka sha ɗora hannu a kan sabon zubi mai kauri ka ji ɗumi. Zafin wannan haɗuwa ne.

Saboda haka kalmar "bushewa" ba kuskuren baki kaɗai ba ce, tana iya jawo asara. Wanda ya ɗauka bushewa ake nema zai bar sabon bulo a rana da iskar hunturu, alhali ban ruwa yake so safe da yamma, ko a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Injiniyoyi sai bayan kwana 28 da zubawa suke auna cikakken ƙarfin kankare. A gefe guda kuma, wanda ya cika ruwa a kwaɓi don ya yi masa sauƙin juyawa, rarar ruwan za ta ƙafe ta bar ƙananan ramuka, nan tsagewa ke farawa. A ce "ya kama" ko "ya daskare". Ka gaya wa yaronka haka, amma cikin lallashi.

Game da suna, "siminti" aro ne daga Ingilishi, su ma daga Latin suka samo, inda kalmar ke nufin fasassun duwatsun gini. Irin wanda muke saya a buhu mai kilo 50, wanda ake yi a Ashaka kusa da ku da Kalambaina ta Sakkwato da Malbaza ta Nijar, ya samo sunansa na Fotlan ne daga wani birkila ɗan'uwanka, Joseph Aspdin na garin Lids a Ingila, wanda ya yi rajistar nasa haɗin a 1824. Magina na da kuwa suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara a shafe soro da shi, suna kuma da makuba daga kwasfar ɗorawa. Kalmomin nan na neman ɓacewa tare da sana'ar, abin takaici.

Tambaya ta biyu daga wata ɗalibar sashen Hausa ce a Zariya: "Malam, ana ta koya mana bishiyar li'irabi da ra'in Chomsky. Me ya haɗa wannan da Hausar da muke yi? Kuma me ya sa ake cewa 'sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga', ba a cewa 'yana samun'?"

'Yata, tambayarki ta biyu ita ce amsar ta farko, amma bari mu bi a hankali.

Mun sa wa wannan fanni suna "ginin jumla", kuma sunan ya yi, sai dai yana iya sa mutum ya ɗauka jera kalmomi ake yi kamar bulo, kowace ta jingina da ta kusa da ita. Duba wannan: "Birkilan da ya gina shagunan ya tafi." Sunan da ya fi kusa da ƙarshen jumlar shi ne "shagunan", jam'i ne, amma babu Bahaushen da zai ce "sun tafi". Kunnenki ya tsallake kalmomi huɗu ya koma kan "birkilan", domin "da ya gina shagunan" duk ɗaki ɗaya ne a cikin yankin suna. Ba wanda ya koya wa yaro ɗan shekara biyar wannan, amma ba ya kuskure shi. Abin da Noam Chomsky ya sa a gaba ke nan tun littafinsa na 1957: jumla hawa-hawa ce, kuma aikin mai nazari shi ne ya fito da ƙa'idojin da ke kan mai magana. Bishiyar da ke ba ki wahala hoton wannan hawa-hawa ne kawai. Ra'in ya sha sauya riga, har a 1995 ya rage kayan aikin zuwa kusan abu guda: ɗauki abu biyu ka haɗa su zama ɗaya, ka sake haɗa wannan da wani.

Ba shi kaɗai ne a fagen ba. Bafaranshe Lucien Tesnière, wanda littafinsa ya fito a 1959 bayan rasuwarsa, ya ce a bar zancen yankuna, a dubi wace kalma ke rataye da wace. A wurinsa aikatau ne uban tafiya, kuma daga ilimin sinadarai ya aro tunaninsa: kamar yadda kowane ƙwayar sinadari ke da adadin hannayen da yake kama wasu da su, haka aikatau. "Zo" hannu ɗaya gare shi: lebura ya zo. "Saya" biyu: mai saye da abin saye. "Ba" uku: maigida ya ba lebura kuɗi. Wanda ya karanta Ajurumiyya a zaure ba zai ji wannan baƙo ba, don tun zamanin Sibawaihi a Basra, ƙarni na 8, malaman nahawu ke maganar amili, kalmar da ke aiki a kan wata ta sauya mata wasalin ƙarshe.

To, ga ƙadangarenki. Shimfiɗaɗɗiyar magana ita ce "ƙadangare yana samun wurin shiga in bango ya tsage". Mai karin magana ya ɗauko sharaɗin daga baya ya kawo shi gaba don a kansa yake son hankali ya tsaya, kuma Hausa ba ta bari a yi wannan ɗauki a ɓoye. Dole lamirin lokaci ya sauya: "yana" ya koma "yake" ko "ke", "ana" ya koma "ake", "sun" ya koma "suka". Ki gwada da wasu. "Da ruwan ciki ake jan na rijiya." "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ki sa "ana" a wurin ki ji yadda maganar ke zubewa. Haka a tambaya: "sun kwaɓa siminti", amma "me suka kwaɓa?"

Akwai shaida ta biyu da ta fi burge ni. "Na sayi siminti." "Na saye shi." "Siminti na saya." Aikatau ɗaya, wasali uku, gwargwadon abin da ke biye da shi: suna, wakilin suna, ko gurbin da karɓau, wato abin da aka saya, ya tashi ya bari. Wannan yana cikin tsarin giredi bakwai, wato rukunan aikatau na Hausa, da masani F. W. Parsons ya fitar a 1960. Abin da masu ra'in Chomsky ke kira motsi, wanda a wasu harsuna sai an yi dogon bayani kafin a yarda da shi, Hausa a fili take nuna sawunsa. Shi ya sa masana irin su Laurie Tuller da Melanie Green suka yi rubutu mai tsawo a kan wannan ɓangare na harshenmu. Akwai kuma waɗanda ba su yarda wani abu ya motsa ba, suna cewa sigogi biyu ne kawai masu dangantaka. Ni dai ina ganin hoton motsi ya fi saurin shiga kan ɗalibi. Abin da ban so shi ne a haddace bishiyar Ingilishi a zo a rataya mata kalmomin Hausa, a rasa inda za a sa "ne" da "ce".

Wani kuma ya yi tambaya a gajarce: me ya sa ake cewa "in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere", alhali rami haƙa shi ake yi?

A Hausa "gina" na ɗaukar duka biyun. Ana gina rijiya, ana gina kabari, ana gina ɗaki, ana gina tukunya. A ganina aikin ne ya haɗa su: mai ginin ƙasa sai ya haƙo kafin ya ɗora, kududdufan da ke cikin tsohon birnin Kano ramukan da aka ɗebi ƙasar gidajen unguwa ne. "Haƙa" tono kaɗai take nufi. Wanda ya ce "haƙa ramin mugunta" bai yi kuskure ba, kuma yanzu ana jin hakan sosai a bakin matasa, amma "gina" ita ce ta tsofaffi.