Tsohuwar Hilux mai 22R: 5L za a saka mata ko 1KZ?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka ce Hilux ɗinka mai injin fetur 22R ta gaji, da ita kake kwaso buhunan hatsi daga kasuwannin ƙauye, kana so ka mayar da ita dizal, amma ka rasa na ɗauka tsakanin 5L da 1KZ-TE. Na daɗe ina wannan aiki a gareji, kuma shawarata ita ce ka nemi 5L, in bai samu ba 3L, wanda famfon mansa ba ya aiki da birenbos, wato kwamfutar mota.

Na san abin da ke jan mutane zuwa 1KZ. Lita 3 ne mai turbo, ƙarfinsa ya kai doki 130 ko kusa da haka, shi kuwa 5L, duk da shi ma lita 3 ne, bai kai 100 ba. Wanda ya tuƙa su biyun ba sai an yi masa bayani ba. Sai dai top ɗin 1KZ, wato kan injin da ke rufe silinda, na alminiyam ne, ba ya yafe zafi. Ka ɗora buhu a watan Afrilu, ka shiga yashi da giya ta biyu, lagireto kuma ɗan ƙaramin nan ne na 22R, sau ɗaya allurar zafi ta haura ja ya isa top ya tsage. Motoci da yawa an jawo mana su a haka, mai su bai ko gama biyan bashin injin ba. Ga kuma famfon da birenbos ke juyawa: sai an bi wayarin da sensa ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar da ta mutu maka a bayan gari, ba kowane rewaya ne zai gane kanta ba. Giyar da ke jikin 22R ma ba ta daɗewa a bayan 1KZ, sai ka sayi tasa, daga nan a taɓa furofela da mazaunin giya.

5L kuwa ƙarfe ne daga sama har ƙasa. Waya ɗaya ke buɗe masa mai, sai na hita mai ɗuma inji kafin ya tashi, da na kik. Ba ya gudu, a hawa za ka riƙa sauko da giya, amma mai ɗaukar hatsi ba tsere ya fito ba. Ka dai duba da kyau kada a ba ka 5L-E, shi ma na birenbos ne. 2L mai lita 2.4 ya yi wa lodinka kaɗan, ɗan'uwansa 2L-T mai turbo kuma ya yi suna wajen tsaga top.

Inda mutane suka fi asara shi ne sayen inji tsirara don ya fi araha. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya, ko Panteka, ko Ladipo, ka nemi rabin mota, gaban Hilux da aka yanko da komai nasa. A ciki za ka samu ƙafafun inji, da fulawil da kuloci, da kwanon da ke haɗa inji da giya (na 22R ba ya hawa), da kik, da lagireto, da filtar mai mai famfon hannu wadda ke tace ruwa. Kada ka raina altaneta. A bayanta famfon iskar birki yake, domin dizal ba ya zuƙo wa birki iska kamar yadda injin fetur ke yi. In aka saka wata daban, birki zai yi tauri da kaya a baya, kuma wannan magana ce ta rai. Injin da aka ciro daga Hiace ma 5L ne, amma kaskon baƙin mai da ƙafafunsa ba iri ɗaya ba ne da na Hilux.

Kafin ka biya, a tayar da shi a gabanka da sanyinsa, ka taɓa da hannunka ka tabbatar ba a ɗuma shi ba. Buɗe murfin baƙin mai yana aiki: in yana huci da hayaƙi, ring ɗin fistin ya tafi. Leƙa bakin lagireto, in ruwa na kumfa ka bar musu kayansu. In da mai ma'aunin kwamfireshan, lafiyayye yana ba da wajen 32 kg/cm², ƙasa da 20 kuwa sai an buɗe shi. Tayimin bel ka canza shi tun inji na ƙasa, ko me mai sayarwa ya ce, sannan duk kilomita 100,000. In ya tsinke, fistin da bawul ne za su haɗu.

A wanke tanki sosai, a ja layin da ke mayar da mai, a saka batir babba. Ka karɓi rasit mai lambar inji, ka je a gyara takardun mota.

Batun kuɗi kuma, ka zauna da biro. A Najeriya litar dizal ta fi ta fetur tsada a yawancin lokaci, ribar tana cikin ƙarancin shan mai ne da jure lodi. Mai fita kullum zai mayar da kuɗinsa. In sau ɗaya kake fita a mako, gyara 22R ɗin ya fi maka, inji ne mai kyau kuma kayansa na ko'ina.

Ka sanar da ni ko motar mai fowil ce, wato mai ja da ƙafa huɗu, da irin aksil ɗin gabanta, domin shi zai nuna kaskon baƙin man da zai zauna ba tare da ya bugi aksil ba.