Amsa: Yaya zan gane kiran shiga ƙungiyar mishan?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka tabbatar Allah ne ke kiranka, da kuma ta ina za ka fara. A ganina, kada ka jira mafarki ko wata murya daga sama. Duba ko sha'awar na nan daram bayan watanni, ko a ranakun da addu'a ta yi maka nauyi. Nemi Fada guda da za ka riƙa buɗe wa cikinka, har batun aure da abin da iyaye za su ce, don nan ne yawanci ake tuntuɓe.

Sannan ka rubuta wa daraktan kira na ƙungiyar, ka je ka zauna da su kwana biyu, ka ga yadda suke magana da juna a teburin abinci.

Ƙungiyoyin ma sun bambanta. Spiritan, da aka kafa a Faris a 1703, suna ɗaukar wa'adin talauci, rashin aure da biyayya. SMA (Ƙungiyar Mishan ta Afirka), da aka kafa a Lyon ta Faransa a 1856, rantsuwar zama a ƙungiyar suke yi. Ga masu wa'adi, dokar Ikilisiya ta ce nobishiyet, wato lokacin horo kafin ɗaukar wa'adi, aƙalla wata 12 ne, sai wa'adin wucin gadi na shekara 3 zuwa 6. Ka kuma shirya, ana iya tura ka ƙasar da ba ka jin yarenta.