Filin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Kuɗin Haya Da Yagaggiyar Riga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A jarrabawar gwaji an ba mu wani labari da aka ce wani dattijo ya shigo da “a rent in his gown”. Na rubuta cewa kuɗin hayar gida ne a aljihunsa, sai aka ja min jan biro, wai rigar ce ta yage. Don Allah yaya aka yi haka? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya yi daidai, amma ni ban ga laifinki ba. “Rent” kalmomi biyu ne daban, rubutu ɗaya, furuci ɗaya. Takwarori ne kawai, ba su haɗa ko kaka ba.

Ta hayar baƙuwa ce a Ingila. Bayan da Wiliyam na Nomandi, wani yanki na Faransa, ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, da kotu, da masu gonaki. Mutanen Nomandin ne suka zo da “rente”, wadda asalinta ke komawa ga “reddere” ta Latin, wato mayar wa mutum abinsa. A ƙarni na 12 har ta shiga rubutun Ingilishi. A lokacin ba kuɗin ɗaki ciki da falo take nufi ba, abin da fili ke kawo wa mai shi duk shekara ne. Har gobe a Faransanci “rente” kuɗin shiga ne da ke zuwa a kai a kai. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko za su gaya miki kuɗin haya “loyer” ne.

Ta yagewar kuwa 'yar gida ce. Daga tsohon Ingilishi “rendan” ta fito, wadda ta zama “rend”, yaga abu da ƙarfin tsiya. Kin san yadda “send” ke komawa “sent”, “bend” ta koma “bent”? To haka “rend” ta koma “rent”, daga baya wurin da ya yage ɗin ma aka kira shi da wannan suna. Fassarar Baibul ta Ingilishi ta 1611 ta yi amfani da ita sosai, misali inda aka ce Yaƙub ya kekketa tufafinsa da ya ga rigar Yusuf jina-jina. Yanzu dai ta tsufa. Bature a kan titi “tear” zai ce, sai a tsofaffin littattafai da bakin masu shirya jarrabawa, waɗanda nake zargin suna jin daɗin ɗana wa yara tarko da ita.

Ga dabarar rarrabewa. In aiki ne da ya wuce, na haya “rented” ne, na yagewa “rent” zalla. In suna ne, dubi maƙwabtanta: in akwai gida, shago ko biya, haya ce, in tufa ce, ko labule, ko tanti, kuma aka ce “a rent in”, to yagewa ce.

Ita ma “haya” tamu aro ce, daga “hire” ta Ingilishi muka ɗauko ta.